Kunyar Yalwa Mai Hoce

Duk wanda ya taɓa cin hocen Yalwa, gasasshiyar wainar dawa, a bakin kasuwar hatsi ta Kaura ya san wannan hannun ƙauye ne. A wani ƙauye kusa da Gurbin Bore aka haife ta, can ta yi aure, can kuma ta bar rumbu cike da dawa ranar da 'yan bindiga suka tashe su. Har yau in ta tuna gida, tsakar gida take gani da la'asar: mahaifiyarta, Inna Kulsumu, zaune kan turmi, ta matse kan jikarta Nusaiba tsakanin gwiwoyi tana yi mata kitso, suna ta tsokanar juna. Wayyo, zamani mai daɗi!

Nusaiba ce 'yar farin Yalwa, don haka ba ta taɓa kiran sunanta ba, bare hira. "Ke" ce, ko "waccan". Haka aka rene ta, haka ta ga kowa na yi. Son da take wa yarinyar kuwa, Allah kaɗai ya san iyakarsa. A ƙauye kunyar ba ta cutar da kowa, tunda duk abin da ya dami yarinya, ga kaka nan za ta ji. To, Inna ta rasu a shekarar da suka dawo Kaura, Yalwa kuma ta ci gaba da kunyarta kamar yadda ta saba.

Bana Nusaiba ta shiga babbar sakandare, kawunta ya ba ta tsohuwar waya. Ba a daɗe ba yarinya ta canja. Ta daina cin abinci, sai ta shige ɗaki ta ƙura wa waya ido, daga baya ta ce ita da makaranta har abada. Yalwa ta fusata, ta ƙwace wayar ta jefa cikin kwalla. Ita a ganinta ta kashe magana.

Ina! Maƙwabciyarta Zubaida ce ta zo da tata wayar.

"Yaya Yalwa, kin kuwa ga abin da yara ke yaɗawa?"

Bidiyo ne. Tayar keke napep ta fashe a ƙofar makaranta, sai ga Nusaiba ta zube ƙasa, ta rufe kai da hannu biyu tana ihu, "Inna! Inna!" Wani ɗan banza ya ɗauka, ya sa masa kiɗa, ya watsa a rukunin 'yan ajinsu na waya. Suka laƙaba mata Kwanta-kwanta. Kullum sai an turo mata, har da waɗanda ba ta sani ba. Kai, yaran yanzu, Allah ya shirya!

Yalwa ba ta ga abin dariya ba. Ta san wannan kwanciyar. Ita ta koya mata, cikin karan dawa, harsashi na wucewa ta kansu. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wadda yarinyar ta kira: kakar da ke kabari, alhali uwarta na nan da rai tana gashin hoce.

Washegari ba ta hura wuta ba. Ta kifa turmi a tsakar gida, ta ɗauko tsinke da man kitso. Ta leƙa ɗaki, ga yarinya kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Ke," ta ce. Yarinyar ba ta juyo ba.

Yalwa ta tuna Inna, ta tuna matan ƙauyensu da za su riƙe baki su ce Yalwa ta zubar da kunya. Su riƙe mana! Suna ina yanzu?

"Nusaiba."

Yarinyar ta tashi zaune, ta dubi bayan uwarta, tana neman wanda ya yi maganar.

"Ni ce, ɗiyata. Na ga abin. Ko ni, ƙofa ta buga da ƙarfi sai na ji gwiwata ta sake. Taho in gyara miki kai, gobe tare za mu tafi makarantar."

Nusaiba ta zo ta zauna tsakanin gwiwoyinta. Yalwa ta sa tsinke ta fara tsaga. Can yarinyar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Umma, sake faɗi."