Kwabon da Yaya Ta Ƙi Wankewa

Yayata ta wanke mini tsofaffin kwabbaina da tsamiya da toka, kuma har yau ban ce na yafe ba. Jegon 'yata ne ya kawo ta daga Zariya, ta sauka wurina a Greenbelt, nan Amurka. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ganin abu ya dafe ta ƙyale shi. Tukwanena ta fara bi, na yi godiya. Sai ta kai ga akwatin da ke ƙarƙashin gadona.

Kwabban ƙasar Sin ne a ciki, da na Japan da Koriya da Biyetnam, masu huda mai kusurwa huɗu a tsakiya. A gwanjon kayan gida nake tsinto su, irin wanda 'ya'ya ke yi a nan idan tsoho ya rasu. Na farkon da na ɗauka, aninin kakarmu ya tuna mini, wanda take zurawa a zare. Ni da ban riƙe fensir ba sai da furfura ta fara leƙo mini, baƙon rubutu ba ya ba ni tsoro. Na saba zama gaban harafi har ya gaji ya faɗa mini sunansa. Haka na yi wa waɗannan. Alama huɗu ce a fuskar kwabo, yawanci a karanta sama, ƙasa, dama, hagu, kuma biyun farko su ne sunan zamanin sarkin. In na ga layuka kamar igiyar ruwa a baya, na Japan ne. In ba shi da kauri, ba nauyi, sai in fara zargin Biyetnam. Wanda ya suɗe, in ɗora masa takarda in goga fensir, ko in haska shi da tocila ta gefe. Koren tsatsan da ke kwance a lungunan rubutun kuwa, shi ke fito da shi fili. Ba a taɓa shi.

Guda ɗaya ya gagare ni tun bara. Ja ne, mai kauri, fuskarsa ta suɗe saura alama ɗaya da rabi. A bayansa, ta hagu, na gane rubutun gidan sarautar Sin na ƙarshe, mai kama da igiya da ƙulle-ƙulle. Ta dama kuwa wasu 'yan ƙugiyoyi ne da na kasa daidaita su da komai. Duk akwatin shi na fi so, don shi kaɗai ne bai sallama mini ba.

Ran nan na dawo daga Fort Washington, inda nake kula da wata tsohuwa, cunkoson motoci a titin Beltway ya gama tafasa ni, sai na tarar da kwabbaina an shanya su a kan tawul a kicin, suna ƙyalli kamar 'yan kunnen amarya. Na ɗauki ɗaya da na san rubutunsa kamar tafin hannuna. Ya zama sumul.

"Yaya, me kika yi?"

"Ƙazantarki na rage miki. Mace da jika, kina kwana a kan tsatsa."

"Tsatsan nan ya girmi kakan kakanmu!"

"To ai ya isa wanka ke nan."

Jan nake nema. Na birkita tawul ɗin, na leƙa wurin wanke-wanke, har cikin kwandon shara na sa hannu. Babu shi.

"Ina jan? Yaya, kada ki ce mini kin kankare shi ma."

"Wannan? Allah ya kiyaye. Yana saman firji, na naɗe shi a hankici." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da bokon tsufanki, ba ki ga alif a jikinsa ba? Ruwan da ya wanke rubutu zan tura magudanar da ta haɗu da bayan gida?"

Na sauko da shi, na haska ta gefe. Ga alif nan tsaye, ga wani abu mai kama da wau a ƙarshe. Tun bara zanen Sinawa nake nema a wurin, shi ya sa idona ke tsallake abin da na koya a allo ina yarinya. Na ɗauko littafina na kwabbai, na buɗe can ƙarshe inda ban taɓa damuwa da shi ba. Ashe a yammacin Sin akwai garuruwan Musulmi da suka yi kwabo da jan ƙarfe, suna sa sunan garin da baƙaƙen Larabci. Saura in san wane gari.

"Ba aya ba ce," na ce mata. "Sunan gari ne."

"Ko sunan kasuwa ne, alif alif ne."

Sauran sun tafi, ba mai dawo musu da shekarunsu, kuma na faɗa mata haka ba tare da na rage murya ba. Ta ce ita dai ta san sun fi kyau yanzu.

Washegari da safe na cire kwaɗon akwatin tafiyata na garƙame akwatin kwabban da shi. Sannan na goga bayan jan a takarda, na ajiye gaban Yaya tare da kokonta, na miƙa mata tabarauna.

"Zauna, Yaya. Tunda ke kika ga alif, karanto mini abin da ke binsa."