Ranar da mijin Mariyama ya kayar da yayanta

Gidan Alhaji Sanusi cike yake maƙil lokacin da na shiga, makaɗa a ƙofa, mata na guɗa. Da safen nan 'yan majalisar garinmu suka zaɓe shi magajin gari. Wanda ya kayar kuwa Malam Issufu ne, yayan matarsa Mariyama, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da aka fara kamfe ba su gaisa ba.

Ni ba na ɓangaren kowa, maƙwabtaka ce ta kai ni.

Ina tsakar gida sai ga Mariyama ta fito daga madafa da lulluɓinta, ɗauke da kwanon tuwo da miyar kaji. Ba a ma zuba wa baƙi ba tukuna. Alhaji ya tare ta.

"Ina zuwa, Hajiya?"

"Gidan Yaya."

"Yau ɗin? Ni na ci zaɓe, shi zai fara cin tuwona?"

Ta ce, "Alhaji, kai yau har mutanen garin Zermu sun zo maka. Shi tun safe ba wanda ya taka ƙofarsa. In ban je ba, wa zai je?"

Mutane na kallo. Can Alhaji ya matsa gefe ta wuce.

Bayan la'asar Malam Issufu ya dawo da kwanon da kansa. Bai shiga ba. A zaure ya miƙa wa Alhaji hannu, ya ce, "Allah ya taya riƙo," ya juya.

Har yanzu ba su zama abokai ba, amma suna gaisawa. Ku da kuna matsayin Alhaji, da kun matsa gefe ta wuce?