Masarar da Auta Ya Raba

Furfura ta cika masa kai, amma har yau Auta ake ce masa, domin Yayarsa ta ƙi sakin sunan, gari kuma ya bi bakinta. Manomi ne na ƙwarai, aibinsa ɗaya: hannunsa ba ya riƙe abu. In ya hango alheri sai ya kira kowa, ko da alherin bai gama nuna ba.

Yayar ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yanzu ta tsufa, mijinta ya rasu, 'yarta da ke aure a birni kullum tana waya, Inna ki dawo wurinmu ki huta. Ita kuwa ta rantse muddin gonarta na ciyar da ita, ba za ta je ta tare a gidan suruki ba. Masararta ta gado ce, gajera mai ƙaramin goyo, amma ko ruwa ya yi rowa sai ta ba da wani abu.

Da jami'a ta shirya wa manoma horo, malamin gona ya saka sunan Auta. Aka zaunar da su a ɗaki mai kujerun laushi da na'urar sanyi, aka koya musu tazarar shuka, da lokacin zuba taki, da yadda ake gane tsutsa tun tana ƙwai. Da safe Auta kan kasa kunne kamar wanda ake yanke wa hukunci. Bayan abincin rana kuwa, mutumin da ya saba da rana a ƙeya ya samu sanyi, ga ciki ya cika, ai sai gyangyaɗi. Aka sallame su da takardar shaida, da buhun taki, da ƙullin irin masara na zamani.

A shekarar nan gonar Auta ta zama abin kallo, masara ta fi shi tsawo, masu babur har tsayawa suke yi. Da aka yi girbi ya yi abin da ya tashi ya ga iyayensa na yi, ya tsince manyan kawuna ya ajiye na iri. Daga nan halin nasa ya motsa, ya bi gida-gida yana rabo. Yaya ta yi ta noƙewa, shi kuma ya yi ta naci, har ta karɓa don kada ta ba shi kunya. Tsohon irinta da ke rataye a madafa ta sauke ta kai niƙa, tunda Auta ya ce an daina yayinsa.

Da damina ta kewayo, masara ta fito wata doguwa wata a tsugune, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Takin jami'a babu, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Abin da Yaya ta girbe bai rufe gindin rumbu ba.

Auta ya wanke ƙafa ya koma jami'ar. Malamar da ta koyar da su ta gane shi, ta ba shi kujera, ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce masa wannan irin sau ɗaya ake shuka shi, abin da ya haifa ba ya gadon kyansa, kowace shekara sabo ake nema. Ta ce ta faɗa ta kuma maimaita, a darasinta na bayan abincin rana. Auta ya sunkuyar da kai. Da ya tambayi ko akwai sauran taimako, ta ce shirin ya riga ya ƙare, kuma da gani abin ya dame ta. Damuwar dai ba ta cika rumbu.

Ya roƙi Yaya ta dawo gidansa. Ta san rumbunsa ma kukan yunwa yake, ga yara cike da gida, don haka da kanta ta kira 'yarta. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ya gwammace ta zage shi, amma ko harara ba ta yi masa ba.

Shi ya ɗauko mata kayanta zuwa bakin titi. Da mota ta tsaya, ta zaro fartanyarta daga cikin ƙullin kayan ta miƙa masa. Ya ce ta tafi da abinta, ai da damina za ta dawo.

"Riƙe dai, Auta," in ji ta. "Can inda za ni, har tsakar gidan siminti ne."