Taku Talatin da Takwas

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can arewa da tafkin Siljan a ƙasar Suwidin, ya san Majvor Ekdal, ko da a bayan sitiyarin motar 'yan makaranta ne. Amma manya sun san ta da wani abu dabam, wato gudun taswira. A miƙa maka takardar taswira da kamfas mai nuna arewa, a sake ka cikin kurmi, ka bi ka nemo tutocin da aka rataye ɗaya bayan ɗaya. A zamaninta, in Majvor ta shiga kurmi, sauran mata sai dai su yi rigimar wa za ta zo ta biyu.

Ubanta mai saran itace ne. Tana da shekara sha shida ya ja igiya a kan hanya, ya auna mita ɗari, ya ce ta ruga tana ƙirga duk saukar ƙafar dama. Aka samu talatin da takwas. Daga ranar ta riƙe wannan lamba kamar sunanta. In taswira ta ce saura mita ɗari biyu, ba ta wani waige-waige, ta ƙirga saba'in da shida, ta ɗaga kai, ga tuta.

Tana da shekara arba'in da ɗaya ɓarin jikin mijinta Rune ya shanye. Ta jefa kamfas a aljihun tebur. Shekara sha tara tana ɗaga shi, tana juya shi, tana ba shi abinci a baki, ta fita tuƙi, ta dawo. Ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba, kuma ni dai ban yarda wai ba ta gaji ba. Bayan rasuwarsa sai ga ta da lokaci jingim da gwiwoyi masu ƙara.

Yayarta Berit ce ta tono zancen, mace mai baki kamar reza. Ana shirin gasar tsofaffin mata ta uku-uku, inda ɗaya ke dawowa ɗaya ta tashi, ga shi cikon ta ukun su Berit ta koma birni wurin 'yarta.

"Ina so in shiga, Yaya," in ji Majvor.

"Ke? Da wannan tumbin? Ai sai mun ɗauko motar katako ta kwaso ki."

"Ki gwada ni mana."

"To. Talatar farko ta watan Yuni, tuta bakwai. Ƙarfe bakwai na yamma ake cirewa. Ki same su duka, ki shiga. In kin kasa, ki zo ki dafa mana kofi ran Asabar, ranar gasar."

Ranar da ta fara fita, ko gadar ƙauye ba ta kai ba ta riƙe turken fitila tana haki, har wani kare ya tsaya yana kallonta. Haka ta yi ta fama duk tsawon sanyi, da sanduna biyu a cikin dusar ƙanƙara. Daga tafiya ta koma sassarfa, daga sassarfa ta koma wani abu da mai kara zai iya kira gudu. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin ganye ya tsiro tana hawa tudun bayan coci ba tare da ta zauna ba.

Talatar ta zo, rana na sama kamar ba yamma ba. Tuta ta farko da ta biyu suna gefen hanya, ba wuya. Ta uku tana jikin wani ƙaton dutse, mita ɗari uku daga kwanar hanya. Ta daidaita kamfas, ta ƙirga ɗari da sha huɗu, ta ɗaga kai. Ba dutse, ba dalilinsa.

Abin bai ba ta haushi ba tukuna, mamaki ya ba ta. Dutse dai ba ya tafiya. Ta zagaya hagu, ta zagaya dama, sai can gaba ta hango shi zaune abinsa. A ta huɗu ma haka aka yi. Ta fara zagin mai zana taswirar a zuci, har ta shirya abin da za ta gaya masa.

Sai ta zauna a kan kututture ta yi tunani, don ruwa ba ya tsami banza. Da taswira ce ta karkace, da wani lokaci tutar za ta faɗo baya, wani lokaci gefe. Amma kullum gaba take. Ko dai kurmin ne ya miƙe, ko kuwa wani abu ne ya gajarce.

A kusa da ita akwai wani lambatu da wata hasumiyar maharba. Ta ɗora gefen kamfas mai ma'auni a taswira, tsakaninsu mita ɗari cif. Lokaci na tafiya, ta sani, amma son sani ya fi ƙarfinta. Ta ruga tana ƙirgawa. A talatin da takwas hasumiyar na can nesa. Ta iso a hamsin da ɗaya. Ta ce ƙarya ne, ta koma ta sake. Hamsin da biyu.

Nan kam ya yi mata zafi. Tumbi ba ta damu da shi ba, furfura ma haka, amma wannan lambar ubanta ne ya auna mata da igiya. Ta tsaya ta yi kukanta a gurguje, ta share hanci da hannun riga, ta sake lissafi da sabuwar lamba.

Ta biyar ta faɗo daidai. Ta shida ma daidai, har ta ji dariya na neman kuɓuce mata. Ta bakwai tana cikin wani ɗan rami a tsakiyar matasan itatuwa masu duhu, inda ba ka ganin taku biyar gabanka. Ta kutsa tana ƙirgawa, rassa na marin fuskarta. Da lissafi ya cika ta tsaya cak. Ga rami a ƙarƙashin ƙafarta, ga reshe da alamar igiya, amma ba tuta. Agogo ya ce bakwai da minti shida.

"Na cire," in ji wata murya.

Berit ce zaune a kan dutse, tutar a cinyarta, tana tsiyaya kofi daga filas.

"Na gani, Yaya. Kofi nawa zan dafa muku ran Asabar?"

"Ke dai rufe mini baki. Mutum goma sha ɗaya suka zo nan yau, tuta na rataye, kowa sai da ya yi ta dawafi kamar kaza ta ɓatar da ƙwai. Ke kin zo ba tuta, kin taka ramin da ƙafarki." Ta miƙa mata kofin. "Nawa?"

Majvor ta gane tambayar. Ta sunkuyar da kai.

"Hamsin da biyu."

Berit ta kurɓi iska ta hanci, ta kalli wani gefe.

"Ni taku sittin da ɗaya. Shekara shida ban gaya wa kowa ba. Ran Asabar ke za ki fara tashi, kuma in kika faɗa wa wani, sai na karya miki gwiwar da ta rage."