Bidon Labo

Da na bar lise ba takardar bak ta gama sakandare a hannu, na samu aikin wankin kwalabe a wani ƙaramin labo, ɗakin gwaje-gwaje, da mutanen jami'a suka buɗe a Gaya don awon ruwan kogi. Shara kashi uku muke yi: takarda daban, fasasshen gilashi daban, sai jan pubel, kwandon da ake jefa bido, wato jarkoki, da kwalaben da suka ɗauki magani mai guba. Wannan na ƙarshen, mota ce ke zuwa daga Yamai ta kwashe.

Da soji suka hau mulki aka rufe gadar kan iyaka, motar Yamai ma ta daina zuwa. Bido kuwa ya yi tsada, tunda ba mai shigo da shi daga Malanbil, ƙetaren kogi. A garinmu abin da ke da marfi ba ya zama shara. Gardinmu, wani dattijo, ya fara fitar da bidon gubar ɗaya-ɗaya, yana kai wa mata masu sayar da kunu da ruwan sanyi a bakin jirage, inda matafiya ke jiran ƙetarewa. Na gaya masa guba ce. Ya ce ai yana ɗaurayewa da toka, kuma ba wanda ya faɗi.

Na kai maganar wurin shef, shugaban labon. Ya ce zai duba, idonsa a kan waya.

Ni ba ni da haƙurin jira. Na riƙa ƙona ƙusa a garwashin mai shayi ina huda gindin kowane bido kafin in jefa. Na san aikina nake hudawa tare da su, don gardin ya fi ni daɗewa da baki a gidan.

"Ƴata, ke da kike wanke kwalba, har kin zama gwamnati?" in ji shi.

"Baba, jikokinka ma suna shan kunun nan."

Ya kai ƙara wai ina ɓata kayan hukuma. A lokacin wannan kalma nauyi gare ta, kowa tsoro yake a ce a gidansa aka yi. Shef ya kira ni, ya ce abin da na yi daidai ne a kimiyyance, amma ba a ba ni izini ba, in ajiye rigar aiki.

Na koma gida na gaya wa Inna. Ta ci gaba da tsince shinkafa, sannan ta tambaye ni ko cikin duk waɗanda na huda ban rage mata ko ɗaya mai kyau ba, nata ya tsage.