'Yar hudar da na toshe a keken abokina

Shekarun baya, ba da nisa sosai ba, a daminar da fetur ya fi ƙarfin irinmu, na yi wani abu da ba ni son a tuna mani. To amma ni na yi shi, gara ku ji daga bakina.

Ni mai faci ne a Faskari. Tun gashina na baƙi nike zaune a rumfa ɗaya da famfo da sholisho. Ina da aboki manomi, tare muka tashi. Duk ranar kasuwar Yankara tare muke tafiya bisa tsofaffin kekunanmu, in mun zo hawa mu sauka mu tura muna tsine wa hanya.

Sai ɗansa da ke aiki Kaduna ya aiko mashi da keke mai caji. Tayu masu kauri, batir a jikin ƙarfe, inji a ƙasa daidai wajen feda. Har sola ya sa aka ɗora mashi bisa ɗaki. Ranar kasuwar farko muka fito tare. Da muka zo hawa na sauka, shi ko ya wuce a zaune, babu ƙara, babu zufa. Can sama na iske shi gindin ɗorawa yana gyara hula.

"Malam, ko in ɗaura igiya in ja ka?"

Na yi dariya, amma iyakarta haƙora.

Ba keken kaɗai ya tsaya mani a rai ba. 'Ya'yana maza uku, duk sun yi gemu, ko goro babu wanda ya taɓa aiko mani. Shi ɗa guda, ga abin da ya samu. Ƙofar masallaci zancen keken, teburin mai shayi zancen keken. Na shiga gida in huta, matata ta ce ita ma ta gan shi, wai kamar iska ke tura shi. Ranar ko tuwo bai yi mani daɗi ba.

Da ruwa ya kankama sai ga shi ya turo mani shi rumfa. Gonarsa na wajen Ruwan Godiya, kuma duk wanda ya san jar lakar yankin nan har Sabuwa ya san takalmi take cire ma mutum.

"So nike ka yi ma injin nan riga," in ji shi. "Taɓo na cika shi."

Ya kira yaron a waya, kafin ya miƙo mani ya ce mashi, "Ni ban gane zancen ƙarfe. Faɗa ma babanka mai faci, shi ya san aiki."

Yaron ya gaishe ni da ladabi, wannan ma sai da ya sosa mani rai. Ya ce, "Baba, a kare inda taya ke watso taɓo kawai. Akwai 'yar huda ƙarƙashin murfin injin, don Allah kar a rufe ta, in ruwa ya shiga ta nan yake fita. Kuma a ce ma mahaifina kar ya wanke shi a rafi kamar babur, tsumma mai laima ya isa."

Na ce na ji.

Na yanka tsohuwar robar taya siri-siri na fara naɗi. Da na zo kan hudar nan na tsaya. Na gan ta sarai, ba wai mantuwa ba ce. Na shafa sholisho, na manna faci a kai, na bi da roba zagaye uku. Aiki ya yi kyau kamar daga kamfani. Zancen wanki a rafi kuwa na haɗiye shi.

Abokina ya duba ya duba, ya ce, "Wallahi ko Turawan da suka ƙera shi sai haka."

Ya bi gari yana nuna ma mutane aikina. Ni ko kullum aka yi ruwa sai in kasa kunne. Sau biyu na gan shi a mashigin rafi yana sheƙa ma keken ruwa da bokiti, yana murza injin da soso. Na ɗaga mashi hannu na wuce. Ba zan yi maku ƙarya in ce raina ya ɓaci lokacin ba. Jira nike.

Wajen sati biyar, wata safiya, sai ga shi yana turo shi da ƙafa, laka har gwiwa, yana haki. Keken nan in ya mutu ya fi buhun masara nauyi. Daga kusa da gona ya turo shi.

"Ya yi ta katsewa, sai ya ɗauke. Me zan ce ma yaron nan? Wata nawa yana tara kuɗi kafin ya saya."

Abin da nike jira ke nan, ya zo, kuma ban ji daɗin komi ba. Na sa reza na tsaga robar. Ina ɓamɓare facin ruwa ya tsiyayo, ja, mai warin tsatsa, ya fi rabin kofin shayi.

Ya kalli ruwan ya girgiza kai. "Ka ga, ba don rigarka ba da abin ya fi haka. Allah ya saka maka."

Da zagina ya yi da na iya ɗauka. Na ce, "Ni na toshe hanyar ruwan. Yaronka ya ce kar a rufe, na rufe. Ya ce kar ka wanke a rafi, ban faɗa maka ba."

"Mantawa ka yi?"

"A'a."

Bai tambaye ni dalili ba, ina jin ya sani. Ya ce kawai, "Buɗe shi ka shanya."

Kwana uku murfin na buɗe a rana, ina goge wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na sa sabon giris. Injin ya tashi, sai dai da wani ɗan kuka da bai da shi da. Yaron bai taɓa jin labarin ba, har yau in ya zo sallah sai ya durƙusa ya gaishe ni. Uban kuwa ya yi wata biyu yana bin wata hanya don kar ya gifta rumfata.

Ba zan ce maku na warke ba. Har gobe in ya wuce ni a hawa abin nan na taso mani a ƙirji. Abin da na gane kawai, hassada ba ta hana mutum iya aiki, da hannun gwaninta take yin nata.

Mun shirya, muna shan fura tare, ya dawo da kawo mani faci. Amma in na kama keken, sai ya aje kofinsa ya zo ya tsuguna gefena, idonsa bisa yatsuna har in gama. Ban taɓa ce mashi ya koma ya zauna ba.