Jakar Kaba a Ranar Yayyafi

Matar tana tsaye gaban mai tumatir, sanye da rigar saƙi, ta rataya jakar kaba mai tsada a inda kowa zai gani. Yana miƙo mata leda, sai ta ja baya kamar ta ga maciji.

"Haba bawan Allah! Ledar nan ce ke kashe mana ƙasa!" Muryar ta fi ƙarfin kunnen mutum ɗaya. Wataƙila a gida ba mai sauraronta.

Sai ga yayyafi. Ta dubi sama, ta dubi jakar, ta matso tana raɗa: "Ɗan'uwa, kana da babba? Ruwa yana ɓata min ita."

Shi ma ya ɗaga murya: "Hajiya, ledar baƙa ko fara?"